Tsohuwar adafta ta fi sabuwar jabu, amma ka gwada ta kafin ka jona

Duk gidan da aka taɓa yin dikoda ko rauta ko tsohuwar DVD a garin nan na Kano, in ka bincika zaka samu adafta a kwance wani waje, na'urar ta mutu tuntuni amma ita adaftar lafiyarta ƙalau, an nannaɗe wayar an watsar ƙura tana ta hawa. Irin su nake nema. Duk 'yan ƙere-ƙeren da nake yi a ɗaki in na taso daga aiki, 'yar fanka ta kan tebur ce, fitilar karatu ce ta LED, ɗan allon lantarkin nan Arduino da ake rubuta wa umarni, wato kod, wanda nake koyo da shi ne, kusan duk da tsohuwar adafta nake basu wuta, saboda batir ya yi tsada kuma baya jimawa, adafta kuwa in ka dace da mai kyau sai ka manta yaushe ka same ta.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan ba maganar araha bace. Wutar da take cikin soket ɗin bangonmu 230V ce, 50Hz, kuma tana kashe mutum, babba ma balle yaro. Kayan da muke wasa dasu 3.3V suke so, ko 5V, ko 9V, in sun yi yawa 12V. Aikin adafta kenan, ta karɓi waccan babbar wutar ta riƙe ta a cikin cikinta, ta miƙo maka 'yar ƙarama wadda ko ka taɓa ba abin da zai same ka. Don haka ni tsarina ɗaya ne kuma bana sassauta shi, wutar bango bata hawa kan teburina, iyakarta cikin robar adafta a rufe, abin da ya fito ta siririyar wayar nan shi kaɗai nake aiki da shi.

Yaran unguwanninmu suna da basira wlh, ka ga yaro ya haɗa mota da kwali da murfin lemo da motar tsohuwar rediyo, wani ya haɗa fanka, wani jirgi, kuma ba wanda ya koya musu. Ta wajen wuta ne abin yake ɗaga min hankali. Akwai wani yaron maƙwabtanmu da na tarar a soro ya fere waya biyu ya cusa a soket ya tokare su da tsinken ashana, ɗaya bakin kuma ya tafi kan wani ɗan koren allo da ya ciro daga cikin tsohuwar fitila mai caji, allon tsirara a kan tabarma kusa da gwiwarsa, ƙafarsa ba takalmi, yana ta murna ƙwan ya kawo. Na zare wayar tukuna kafin na yi magana. Ya ce min "Kawu ai ƙaramar wuta ce, batirin fitilar ma 4V ne." Na ce masa batirin ne 4V, allon ba 4V bane. Da yawa daga irin waɗannan fitilun masu araha da ake cusa su kai tsaye a soket babu taransifoma a cikinsu, kafasita ɗaya ce kawai, 'yar abar nan mai tara wuta, take rage wutar, babu abin da ya raba allon da wutar bango, robar jikin fitilar ce kaɗai take tsare hannunka, da ka fito da allon daga robar to ko ina a jikinsa zai iya janka. Haka allon cikin ƙwan LED na silin yake. Dan Allah duk wanda yake da ƙani ko ɗa mai irin wannan hannun ya gaya masa wannan, kuma ya nemo masa adafta ya bashi, hana shi ƙirar ba zai yi aiki ba, ɓuya zai yi ya ci gaba.

To in ka samu adaftar, ko a gida ko a tiren masu tsofaffin kaya a Sabon Gari wajen France Road ko wajen 'yan gwangwan, abu na farko goge bayanta ka karanta. Rubutun ƙanana ne, ni hoto nake ɗauka da waya in buɗa shi.

Layin da aka rubuta INPUT shi ne wutar da zata iya ci. In ka ga 100-240V to tamu ce, zata zauna da wutar Najeriya, har in wuta ta zo ba ƙarfi ma irin wannan tana daurewa. In kuwa ka ga 120V 60Hz kaɗai, wannan ta Amurka ce, ta Japan kuma 100V, suna shigowa cikin kayan gwanjo, ka jona ta a nan zaka ji ƙauri ko ka ji fas, shikenan. Mutane suna duba bakin fulogi su ga ya shiga soket su ɗauka magana ta ƙare, alhali shigar baki daban wutar da take ɗauka daban.

Layin OUTPUT kuma abu uku ne a ciki. Na farko boltej, shi wannan ba a ciniki a kansa, abin da yake son 5V ka bashi 5V, ka bashi 12V ya ƙone nan take tun kafin ka kai hannu ka zare. Na biyu alamar da take kusa da lambar, in layi ne miƙaƙƙe da ɗigo-ɗigo a ƙasansa DC ce, ita muke so, in kuwa 'yar lanƙwasa ce kamar igiya AC ce, akwai tsofaffin adaftoci masu fitar da 9V ko 12V AC kuma a ido ba zaka bambance su ba, irin wannan bata yi da allo sai an ƙara mata dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da kafasita, in kai sabon hannu ne ka ajiye ta gefe kawai. Na uku amfiya, lambar da take da A ko mA, kuma a nan ne na fi jin mutane suna juya maganar. Sai ka ji an ce kar ka sa mai 2A a ƙaramin abu zata ƙona shi. Ba haka bane. Amfiyar da aka rubuta iya abin da adaftar zata iya bayarwa ce in an nema, kamar randa ce a tsakar gida, girmanta baya tilasta maka shan abin da ya fi ƙishinka, ƙaramar randa ce matsala in masu sha sun yi yawa. Abin da yake jan 300mA, wato 0.3A, ka sa masa 2A lafiya lau in dai boltej ɗin daidai ne. Abin da yake jan 2A ka sa masa mai 500mA, nan ne adaftar zata ɗau zafi, wutar ta dinga faɗuwa, allo ya dinga mutuwa yana tashi kai kuma kana can kana zargin kod ɗinka.

Ka ɗan yi lissafi, ba wuya. Fitilar nan ta LED mai kamar ribon, irin 5050 mai ƙwai 60 a mita ɗaya, tana iya jan kusan 1.2A a kowace mita a 12V, kaga mita biyu ma ta fi ƙarfin adaftar rauta mai 1A nesa ba kusa ba. Fankar cikin kwamfuta kuwa yawanci bata wuce 0.1A zuwa 0.3A, an rubuta a jikinta. Motar lantarki mai juya fanka ko taya ita kuma lokacin tashi da lokacin da wani abu ya riƙe ta tana jan ninkin abin da take ja in tana gudu, sai ka bar mata sarari sosai. Ni bana son in ɗora wa adafta fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da aka rubuta mata, balle a Kano da in Afrilu ta kama zafi yana haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano da rana ita kanta robar ɗumi take yi tun ba a jona ta ba.

Sai ɗan zanen nan da kowa yake tsallakewa, ɗigo a tsakiya da rabin da'ira ta kewaye shi, alamar + a gefe ɗaya alamar - a ɗaya gefen. Yana gaya maka tsakiyar bakin ne fositif ko wajensa. Yawanci tsakiya ne, Arduino Uno ma haka yake so, amma akwai masu akasin haka musamman na wasu kayan kiɗa, kuma juya wuta yana iya kashe allo a take. Bakin ma kala-kala ne, akwai 5.5 da 2.1mm akwai 5.5 da 2.5mm, a waje girmansu ɗaya ramin ciki ne ya bambanta, shi yasa wani zaka ga ya shiga amma yana rawa sai ka danna yake kawowa.

Duk wannan karatun rabin aiki ne, ragowar rabin na mitar awon wuta ne. Ko 'yar ƙaramar nan DT830 da ake samu a kowane shagon kayan wuta ta isa, in zaka sayi abu ɗaya tak a wannan harkar to ita ce. Ka murɗa ta zuwa 20V ta ɓangaren DC, baƙar waya a ramin COM, ja a ramin V, ka tabbata ba a ramin 10A ka bar ta ba domin in tana can ka taɓa bakin adafta haɗe wayoyin ka yi kai tsaye. Jan tsinke a cikin ramin baki, baƙi a jikin ƙarfen waje. In lamba ta fito ba komai a gabanta tsakiya fositif ne, in ta fito da ɗan layi a gaba to a juye take.

Lambar kanta zata gaya maka wace iri ka riƙe. Adafta mai nauyi, wadda in ka ɗaga kaji kamar da ƙarfe a ciki, tsohon yayi ce mai babbar taransifoma, da yawansu basa daidaita wuta, an rubuta 12V amma in ba komai a jikinta sai ka ga 16V ko 17V, sai an ɗora mata cikakken kaya take saukowa 12. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka yi ta, kuma ta ɓangaren raba ka da wutar bango ma tana da aminci sosai, amma ƙaramin allo da baya jan komai waccan 17 ɗin zai sha. Marasa nauyin na zamani su kuma in 12V ce zaka ga 12.1 ko 12.3 ta tsaya cak. In ka ga ta zamani tana rawa, lamba tana hawa tana sauka, ko tana wani siririn kuka in ka kara kunne, kafasitocin ciki sun gaji, rabu da ita.

Bayan nan sai gwaji da kaya a kai, domin akwai wadda zata nuna maka 12V tas amma da ka ɗora mata abu ta zube. Ga 12V ni ƙwan mota nake sawa, ɗan ƙaramin nan na fakin mai 5W, yana jan wajen 0.4A, guda biyu, kowanne da wayarsa zuwa bakin adaftar, sun kai 0.8A, daidai gwajin mai 1A. Ka jona, ka sake aunawa yana kunne, in ta tsaya kusa da 12 madalla. Sai ka bar ta kamar rabin awa a kan siminti ko tayil, banda katifa banda kafet, kana kusa kar ka fita. Ka dawo ka ɗora bayan hannu. Ɗumi ba komai, zafin da ba zaka iya barin hannu a kai ba matsala ne, ƙauri kuwa ko kaɗan ne an gama magana. Ka lanƙwasa wayar a gindinta wajen da ta fito daga robar da kuma wajen baki kana kallon ƙwan, in ya yi ƙifta wayar ta karye a ciki, nan ne kullum suke fara mutuwa.

In ka taɓa ƙarfen bakin kaji yana ɗan cizo, masu ilimin abin zasu ce maka akwai wata 'yar kafasita tsakanin ɓangarori biyun da take sa a ji ɗan tsam a wasu masu fulogi mai ƙafa biyu ko da lafiyarsu, gaskiya ne, amma kai a ɗaki ba ka da kayan da zaka tantance wanne ne na lafiya wanne ne na mutuwa, adafta kuma ba wata dukiya bace. Wadda ta ja ka ta tafi.

Kuma kar ka fasa ta. Na san hannu yana ƙaiƙayi, duk mai wannan harkar so yake ya ga cikin abu, amma a cikin ta zamani wutar 230V ana mayar da ita DC ta kai wajen 325V a tara a wata kafasita mai kama da ɗan gwangwani, shi yasa zaka ga an rubuta 400V a jikinta, kuma tana iya riƙe wutar bayan an zare daga soket. Ga shi yawancinsu ba da sukuru aka ɗaure su ba, liƙe robar aka yi, in ka ɓalle ta da wuƙa ba zata koma yadda take ba, sai dai ka naɗe da salatif, wannan kuwa ba rufi bane. Wadda jikinta ya tsage ko ƙafar fulogin take girgiɗi ita ma hukuncinta ɗaya da fasasshiya.

In kana son ganin ciki je wajen mai gyara ka ce "Oga dan Allah a nuna min matacciya", suna da su tuli a kwali. Ta asali zaka ga allon an raba shi biyu, akwai fili fayau tsakanin ɓangaren babbar wuta da na ƙarama, wani ma an yanka rami a allon, ga fiyus a bakin shiga, taransifomar an naɗe ta da tef mai ruwan ɗorawa. Ta jabu kuwa allon ɗan mitsitsi, layukan dalma na ɓangarori biyun sun kusa taɓa juna, ba fiyus, wani wajen ma zanen gurbin kayan yana nan amma ba a saka komai ba. Wannan ɗan filin shi ne tsakaninka da wutar bango, ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta, laimar damina ta biyo baya, sai wuta ta tsallaka. Wannan ne dalilin da yasa na fi yarda da tsohuwar adaftar da ta zo a kwalin rauta ko dikoda ko firinta daga kamfani, ko da ta koɗe ta yi dauɗa, a kan sabuwa fil mai sheƙi da ba nauyi ba sunan kowa an rubuta mata 3A. Araha bata ado. Tambarin CE kuma kar ya ruɗe ka, mai yin jabu shi ma ya iya buga shi.

Cajar waya ita ce mafi sauƙin samu, kowa ya san hanyar Farm Centre da Beirut Road, kuma 5V take bayarwa, daidai da yawancin ƙananan alluna. Masu saurin caji da zaka ga an jera 5V, 9V, 12V a bayansu basa haurawa sama sai wayar ta nema, in ba haka ba a 5V suke zama. In ka yanka kebul na USB yawanci ja da baƙi su ne wuta, kore da fari na data, amma kebul mai araha yana zuwa da kalar da ya ga dama, mita ce zata raba gardama.

In abin da ka samu ya fi abin da kake so, misali 12V gareka kana neman 5V, ko cajar laftof mai 19V, akwai 7805, 'yar abar da take sauke wuta zuwa 5V, da kowa ya fara da ita, tana aiki amma rarar wutar zafi take mayarwa, daga 12 zuwa 5 a rabin amfiya 3.5W kenan na zafi zalla, ba tare da ƙarfen sanyaya ba zata ƙona maka yatsa ta kashe kanta. Ɗan allon rage wuta na LM2596 ya fi, baya ɓarnar nan, sai dai ka murɗa ɗan sukurun kansa kana aunawa har ya zo inda kake so KAFIN ka jona kayanka, domin baka san a nawa ya zo ba. Arduino Uno ta bakinsa na zagaye 7V zuwa 12V ake so, 9V ya fi masa daɗi. ESP32, wani ɗan allo irin Arduino, shi 3.3V ne a cikinsa, ka bashi 5V ta USB ɗinsa ka huta. Ƙwan LED guda ɗaya kuma baya zama ba resista mai rage masa wuta, 330 om a 5V, 1k a 12V, zai yi haske ya daɗe.

Batirin litiyam, 18650 ɗin nan da ake cirowa daga tsohon batirin laftof ana haɗa fawa banki da fitila, shi kam kar ka kuskura ka haɗa shi da adafta kai tsaye ko da 5V ce. Iyakarsa 4.2V, in ya wuce kumbura yake ya kama da wuta, wutar da ba a kashe ta da sauƙi. Allon TP4056 ɗan ƙarami ne kuma aikinsa kenan, ka bashi 5V shi ya san inda zai tsaya, ka nemi mai kariya a jikinsa. Batirin ruwa na 12V kuma adaftar 12V bata cika shi, sai wajen 13.8V zuwa 14.4V, ka nemi cajarsa.

Wajen haɗawa, in da hali kar ka yanke bakin adaftar, sayi macen bakin mai sukuru biyu ka ɗaure wayoyinka a jiki, gobe ka zare ka sa a wani aikin. In dole sai ka yanka to a zare take, kuma ka yanka ɗaya ta fi ɗaya tsawo yadda ko tef ya zame tsirarar ba zasu haɗu ba, ka liƙe da dalma, murɗawa da hannu kawai tana sakin jiki ta dinga zafi. Ka sa ɗan fiyus a layin fositif wanda ya ɗan ɗara abin da aikinka yake ja, da dayod guda, 1N4007 tana ɗaukar har 1A, saboda ranar da bacci ya sa ka juya waya. Ita dayod tana cin wajen 0.7V, ka sa wannan a lissafi in 5V kake aiki da ita.

Yanayin wutarmu shi ma sai an yi la'akari da shi. In an ɗauke wuta ka zare, kar ka bari a dawo da ita a same ka a jone, haka lokacin da ake tada janareto ko mai ya kusa ƙarewa yana shaƙewa yana tashi. Kar ka kwana da sabon haɗi a jone, kar ka tura adafta ƙarƙashin filo ko bayan labule, iska take so. Ɗabi'ar nan ta cusa mukulli ko biro a ramin sama na soket don a buɗe wa mai ƙafa biyu hanya, a daina, kan da yake mayar da ƙafa biyu uku kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Da damina in ƙasa ta jiƙe ko hannu da gumi ko yanzu ka idar da alwala, ka goge, ka sa silifas kafin ka doshi soket.

Wadda ta ci gwaji ina manna mata farin tef in rubuta abin da mita ta nuna, boltej da amfiya da alamar tsakiya, da manyan baƙi yadda ko ƙanina ya ɗauka zai gane. Wadda ta faɗi kuma nan take nake datse wayar daga gindi in ajiye, domin wayar da bakinta suna da amfani in lafiyarsu ƙalau, in karya ƙafafun fulogin da filaya yadda ba mai iya sake cusa ta a soket, sannan in haɗa ta da kayan da za a ba 'yan gwangwan.